Daga 404 Zuwa 406: Kanikawan Peugeot a Ƙasar Rano da Kibiya

A garejojin da ke bakin titin Rano, da waɗanda ke gefen tasha a Kibiya, ba a cika auna daɗewar makanike a sana'a da shekaru ba. Da inji ake aunawa. Akwai dattijon da ya fara riƙe sifana a kan 404. Akwai wanda ya buɗe ido ya tarar da 504 tana tashe, ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya. Akwai kuma samarin da ba su taɓa wanke kafiretar mota ba, domin sun shigo a zamanin 406 mai injekta. Dukkansu kanikawan Fijo ake ce musu, amma hannunsu ba ɗaya ba ne, tunaninsu ma ba ɗaya ba ne. Abin da oga yake koya wa yaronsa, injin da ya daɗe yana buɗewa ne ya koya masa, har da ɗabi'un da shi kansa bai san daga nan ya ɗauko su ba. Saboda haka duk mai son ya fahimci wannan sana'a a wannan yanki, sai ya bi zuriyar injinan da kamfanin Peugeot ya riƙa aiko mana.

Abubuwa biyu ne suka zo kusan lokaci guda. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A watan Maris na 1975 kuma masana'antar haɗa motocin Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da 404 da 504. Noman rani ya kawo tumatir da albasa da alkama da shinkafa, kayan da ke buƙatar mota, tumatir kuwa ba ya jiran gobe. Sai ga mota mai jure hanya ana haɗa ta a maƙwabta, kayan gyaranta kuma suna cike da shaguna. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mayar da Peugeot motar ma'aikata, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har zuwa sama. Wadda gwamnati ta gaji da ita a yi gwanjonta, ta faɗo hannun direban haya, ta shiga jigila tsakanin Kano, Ƙarfi, Bunkure, Rano da Kibiya, ko ta bi ta Rurum ta nufi Tiga. A wannan jigilar ne sana'ar ta kafu.

Injin 404, wanda kamfani ya sa wa suna XC, ya fito a Faransa a 1960. Silinda huɗu ne, girmansa cc 1618, kuma a kishingiɗe yake cikin mota, an karkatar da shi digiri 45 zuwa dama don murfin gaba ya yi ƙasa. Da 504 ta zo a 1968 ba a sake sabon gini ba, sai aka tsawaita tafiyar fistin daga milimita 73 zuwa 81, aka sami XM mai cc 1796. Daga baya aka faɗaɗa bakin silinda daga milimita 84 zuwa 88, aka sami XN1 mai cc 1971, mai ƙarfin doki casa'in da 'yan kai. Wannan XN1 shi ne injin da ya yi wa ƙasar nan bauta fiye da kowane. Yana cikin 504 salun da wagon da a-kori-kura, ya shiga 505 da ta fito a 1979, kuma PAN ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta manta da ita. Ke nan makaniken da ya koyi XC a ƙuruciyarsa ya yi furfura bai fita daga gida ɗaya ba. Sarƙar tayimin ce, bawul takwas ne masu sandunan turi, kafireta ce ta Solex, distirbuta ce mai kwantak. Abin da ya sani jiya yana nan yau.

Amma sirrin wannan inji yana cikin silibansa. A yawancin injina, ramin da fistin yake kai da komowa a jikin bulok aka fafe shi. Idan ya cinye, sai an ɗauki bulok ɗin gaba ɗaya an kai wa masu injin fafe ƙarfe a birni, a faɗaɗa ramin, a nemo fistin mai girman da ya dace. A XC da XM da XN ba haka ba ne. Kowane silinda bututun ƙarfe ne mai zaman kansa, wato silibu, da ake zurawa cikin bulok, ruwan lagireto yana zagaye shi kai tsaye. Idan inji ya fara shan baƙin mai, salansa tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, mota ta kasa hawa tudu da lodi, makanike zai aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo masa saiti guda: silibu huɗu, fistin huɗu, ringi, metal da gasket. A ƙarƙashin darbejiya, a kan buhu, zai zare tsofaffin ya zura sababbi, inji ya koma saurayi. Ana iya yi wa bulok ɗaya haka sau da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa mota ɗaya take ciyar da direba, ta ciyar da ɗansa.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma a nan ake gane gwani. Dole kan kowane silibu ya ɗan ɗara saman bulok da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ko kusa da haka, domin idan aka ɗaure kan inji, gasket ya matsu daidai a bakin kowane silinda. A gindin silibun akwai siririn zobe na takarda, wanda yake zuwa da kauri daban-daban, da shi ake daidaita wannan tsayi. Oga zai goge wurin zaman silibun har sai ba ƙwayar tsatsa ko ɗaya, ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai, ya zura fila geji, ya cire, ya sauya takarda, ya sake gwadawa. Idan ya yi gaggawa, bayan mako biyu direba zai dawo da baƙin mai ya zama fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Akwai kuma doka ta farko da ake kafa wa yaro ranar da aka fara buɗe inji a gabansa: muddin an ɗauke kai, kada ka juya karanshaf sai an danne siliban da ƙarfe da noti. Juyi ɗaya ya isa fistin ya ɗago silibu daga mazauninsa, ƙasa ta faɗa ƙarƙashi, aikin yini ya zama na kwana uku. Za ka ji oga ya ɗaga murya daga nesa: "Kai, cire hannunka daga nan!" Yaron ya ce, "To, Oga," ya ja baya. Wanda aka yi wa wannan tsawa sau ɗaya ba ya mantawa har ya zama oga shi ma.

Sauran aikin na kunne ne da yatsa. Saitin bawul ana yin sa inji yana sanyi, na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. Tazarar kwantak 0.40. Jerin wuta 1-3-4-2, kuma a al'adar Faransawa silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren kuloci, ba ta gaba ba, abin da yake rikita yaron da ya fara koyo a garejin Toyota. Gwanin Fijo yakan sassauta distirbuta, ya riƙa juya ta a hankali yana saurare, har sai ƙarar ta zauna inda yake so, sannan ya ɗaure. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji ya kanga ƙotar a kunne, ya gaya maka ƙarar nan ta metal ce ko ta bawul ce ko sarƙa ce ta saki. Ya kwance fulogi ya duba launinsa: baƙi mai toka, mai ya yi yawa; fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska tana shiga ta wani wuri; jiƙe da baƙin mai, ringi ya tafi. Ina ganin wannan ilimi ne cikakke, kuma ba a ba shi darajar da ta kamace shi ba, don kawai masu shi ba su rubuta shi a takarda ba. Mutumin da zai ji bambancin ƙarar metal da ta fistin a tsakiyar hayaniyar tasha ya yi karatu mai tsawo.

Hanyar ma ta yi nata tasirin. Ƙurar hunturu a kan hanyoyin ƙauyukan Tarai da Saya-Saya da Durba ba ƙarama ba ce, kuma motocin da aka yi wa Afirka suna da matatar iska mai kaskon baƙin mai a ƙasa, wadda ƙura take maƙalewa a ciki. Ba a sayen sabuwa. A wanke ta da kananzir, a zuba sabon mai, a mayar. Wagon da a-kori-kura kuma suna da ƙafar baya mai aksul guda, wadda take ɗaukar lodin da ya ninka abin da Faransawa suka rubuta. Ba banza ba 504 ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975. Injinan gas na Indenor, irin su XD2 mai cc 2304, sun shigo, amma ba su yi kasuwa a nan ba, domin a lokacin fetur yana da arha, kuma famfon gas sai an kai wa masu shi na musamman a birni.

Sai J5. Wannan ba a Kaduna aka fara ta ba, motar haɗin gwiwa ce tsakanin Peugeot da Citroën da Fiat, ta fito a 1981, aka daina yin ta a 1993. Yawancin waɗanda ke nan gwanjon Turai ne. Amma mai fetur ɗinta XN ɗin nan ne dai, an kwantar da shi a gicciye yana jan ƙafar gaba. Shi ya sa ta sami karɓuwa nan take: ba makaniken da ya ce bai san ta ba. Je ka Kwanar Gafan a lokacin tumatir ka ga yadda ake jera mata kwanduna ciki da sama. Yau J5 ce take riƙe da tsohon ilimin, ita ce take kawo wa dattijan gareji aikin da suka fi ƙwarewa a kai. Bayan ita sai injinan ban ruwa na manoman rani, waɗanda su ma kafireta da fulogi ne, kuma a watannin rani sukan fi motoci yawa a wasu garejojin.

Tun 1982 Peugeot ta buɗe sabon gidan injina da ta kira XU, amma mu ba mu ji shi sosai ba sai da 405 da 306 da 406 suka yawaita. Lokacin abubuwa sun riga sun canja. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano da Beljiyom. XU ya zo da kamshaf a saman kai, bel na roba a maimakon sarƙa, sannan a hankali injekta ta kori kafireta. XU7 mai cc 1761 ya riƙe silibu mai cirewa a cikin bulok na alminiyom, XU10 mai cc 1998 kuwa bulok ne na ƙarfe ba silibu. Da 406 ta sake fuska a 1999 sai ta zo da EW10, cc 1997, bawul 16, doki 136 ko kusa da haka. Shi kam bulok ɗinsa alminiyom ne, kuma an zubo shi ne da siliban a ciki, ba sa fita. Ba distirbuta, ba wayoyin fulogi, kwayil guda ce doguwa a kan fulogi huɗu. Abin da oga yake yi da kunne da yatsa, yanzu ƙwaƙwalwar mota ce take yi, wadda kanikawa suke kira biren bos, tana karɓar labari daga sensa ta ruwa, da ta iska, da ta karanshaf, da ta salansa.

A Arewa an so 406 so na gaske, har yau ana son ta. Tana da laushi a hanya, tana da gudu, kuma idan an kula da EW10 yana daɗewa ƙwarai. Matsalar ita ce an karɓe shi da ɗabi'un da XN ya koyar, shi kuwa XN inji ne mai yafiya. Za ka zuba masa ruwan rijiya, ka ba shi fetur ɗin 'yan bumburutu daga galan, ka cire masa tamostat ka jefar, ya yi ta tafiya. Sai aka ɗauka duk inji haka yake.

Ɗauki maganar tamostat, domin ita ce ta fi yawa. Mota tana zuwa daga Kwatano, abu na farko da ake ba mai ita shawara shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Niyyar mai kyau ce, domin duk wanda ya taɓa ganin mota ta tafasa a zafin watan Afrilu tsakanin Rano da Bunkure yana tsoron zafi. Amma an gina EW10 ne ya yi aiki a kusan digiri 90. Idan bai kai nan ba, sensa tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji bai ɗumama ba, ita kuma ta ci gaba da ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya cinye da wuri. Mai mota yana kukan shan mai, bai san daga ina abin ya faro ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan kuskure ya zama mai tsada ƙwarai. Haka ruwan rijiya yake cin alminiyom daga ciki ya toshe lagireto. Haka baƙin mai mai kauri na 20W-50, wanda ya dace da 504, yake jinkirin isa saman kai mai bawul 16 da asuba, alhali 10W-40 ko 5W-40 ake so. Bel ɗin tayimin kuwa ba ya gargaɗi. Sarƙar XN tana ƙara wata da watanni kafin ta ba da matsala. Bel yana tsinkewa ne a tsakiyar tafiya, fistin ya daki bawul, su lanƙwashe. Makaniken kirki yana rubuta lambar kilomita a jikin murfi ranar da ya sa sabo, kuma yana sauya shi tare da famfon ruwa da abin ɗaure shi.

Ba na ɗora wa kanikawa laifin wannan su kaɗai. Ba wanda ya zo ya zaunar da su ya yi musu bayani. Motocin sun shigo ba littafi, wanda ya zo da shi ma da Faransanci ko Jamusanci yake. Masu mota su ma suna da nasu kason: a ce wa mutum tamostat ɗinsa ya mutu a sayi sabo, ya ce a cire kawai, a ce masa bel ya kai lokaci, ya ce ai yana tafiya. Sannan kasuwar kayan gyara ta cika da jabu, kwali ɗaya, suna ɗaya, inganci daban. Makanike ya sa sabon abu ya lalace a wata guda, sunansa ne yake ɓaci a tasha, ba na mai shago ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gyara yake komawa sauyi. A da idan inji ya gaji, a buɗe shi. Yanzu idan EW10 ya buga, lissafi yakan nuna gara a je Ƙofar Ruwa a ɗauko na gwanjo a ɗora. Aikin yini ɗaya ne, kuɗin hannu kuma nan take. Yaron da ya shekara biyar a irin wannan gareji ya iya sauke inji da ɗora shi, ya iya sauya kwayil da nozul da famfon mai, amma mai yiwuwa bai taɓa auna karanshaf ba, bai taɓa riƙe fila geji ba. Idan mota ta ƙi tashi sai a shiga sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai ita, har a dace. Sana'ar kuma ta rarrabu. Rewaya, wanda a da aikinsa fitila da kik da caji, yanzu shi ne mai faɗa a ji, domin 406 ta ƙarshe da 307 da 407 suna da akwatin BSI da yake riƙe da makulli da fitilu da gilasai, kuma jiƙewa ɗaya a damina ta isa ta hana mota tashi. Wanda yake da kwamfuta mai manhajar PP2000 ko Diagbox shi ake jira, sau da yawa kuma sai an kira shi daga Kano ko an ja motar an kai masa.

Duk da haka tsarin koyon bai mutu ba. Har yanzu uba yana kama hannun ɗansa ya kai wa oga, ya ce ga amana. Yaro ya fara da wanke noti a cikin fetur da miƙo sifana, ya koyi bambanta goma da sha uku da ido, ya shiga ƙarƙashin mota, a hankali a bar masa birki da kuloci, sai can a bar shi ya taɓa inji. Da yawansu da safe suna makarantar boko ko ta allo, da yamma suna gareji, da damina kuma ana raba lokaci da gona. Ranar yaye a yi addu'a, oga ya ba shi 'yan kayan aiki. Kuma samarin yanzu suna da abin da iyayen gidansu ba su samu ba. Waya tana hannunsu, suna kallon yadda ake saita tayimin ɗin EW a bidiyo, suna tura hoton lambar matsala a zaurukan WhatsApp na kanikawa a ba su amsa daga Kaduna ko Jos. Ƙaramar na'urar duba mota da ake haɗawa da waya ba ta fi ƙarfin gareji ba. Garejin da ya fi burge ni shi ne wanda dattijo da saurayi suke aiki tare: na'ura ta ce silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai, dattijon ya kwance fulogi ya duba, ya gwada matsin silindar, ya ce ba kwayil ba ce, bawul ne. Na'urar tana nuna inda ciwon yake, amma dalilinsa sai wanda ya san cikin inji.

Akwai inda hukuma za ta iya sa hannu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Gwamnatin Kano ta taɓa tura matasa, maza da mata, cibiyar horarwa ta PAN a Kaduna su koyi gyaran motocin zamani. A Rano kanta akwai makarantar fasahar karkara da koyar da sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Kanikawa kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA. Da za a haɗa waɗannan a shirya bita ta 'yan makonni da Hausa, a garin Rano, da yamma bayan an tashi daga aiki, a kan sanyaya inji da nau'in baƙin mai da karanta na'ura, da an ceci injina masu yawa. Ogannin da suke da yara a hannu su ya kamata a fara kira, domin abin da oga ɗaya ya gyara a fahimtarsa yana isa ga duk yaran da za su fita daga hannunsa.

Lokaci kuma ba ya jira. A kan hanyar Rano yanzu Golf da Sharan da Hiace sun karɓe yawancin lodin fasinja, makaniken Fijo da yawa ya koyi taɓa su don dole. Daga ɓangaren Peugeot, gwanjon da ke shigowa ya wuce EW. Motocin 207 da 308 da 3008 da 508 suna ɗauke da EP6, injin cc 1598 da aka ƙera tare da BMW aka fitar a 2006, wasu da turbo, wanda sarƙar tayimin ɗinsa take miƙewa idan an yi wasa da baƙin mai, kuma ba a saita shi sai da ƙarafan kulle na musamman. Masana'antar Dangote Peugeot da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 2022, ta haɗa 301, mai injin cc 1587 da ya samo asali daga gidan TU na 1986, wanda duk makaniken da ya taɓa 206 ko 307 zai gane shi. Wannan zai zo wa garejojin Rano da Kibiya da sauƙi. EP6 kuwa sai an sayi kayan aikinsa, an kuma sami wanda zai nuna yadda ake amfani da su.